Ina kimiyya a cikin leƙen zuci? Amsa kan Wundt, Titchener da mafarin ilimin halayyar ɗan Adam

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a kwalejin horar da malamai. A takardar darasin da aka raba mana an rubuta cewa Wilhelm Wundt ne uban ilimin halayyar ɗan Adam, wai ya kafa shi a 1879 ta hanyar sa mutane su leƙa zuciyarsu su faɗi abin da suka gani, kuma wai shi ya kafa mazhabar ƙirar hankali, wato masu neman gano ƙwayoyin da suka haɗu suka yi hankali. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, in mutum ya zauna yana duba abin da ke ransa, ina kimiyya a nan? Ai malamanmu na addini sun daɗe suna koyar da muhasaba.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Shakkar nan taka a kan hanya take, kuma ba kai ka fara yin ta ba. Tun 1786 masanin falsafar nan na Jamus, Immanuel Kant, ya yanke cewa nazarin rai ba zai taɓa zama cikakkiyar kimiyya ba, saboda ba a iya ɗora masa lissafi, kuma da zarar ka tsaya kallon abin da ke ranka, kallon ya sauya shi. Gwada ka gani ranar da wani ya ɓata maka rai. Ka ce bari in tsaya in duba yadda fushin nan yake, kafin ka gama dubawa rabinsa ya huce. Auguste Comte na Faransa ya zo daga baya ya ƙara da cewa mutum ɗaya ba ya rabuwa biyu, rabi yana tunani rabi yana kallon mai tunanin. Wundt ya san duk wannan suka, kuma rabin aikinsa neman hanyar kauce mata ne.

Batun muhasaba kuwa, sunan ne ya yi kama, manufa ta sha bamban. Harisul Muhasibi na Bagadaza, wanda ya rasu a 857, da Imamu Gazali bayansa, tambayarsu ita ce: niyyata ta gyaru? Riya ta shiga aikina? Gyaran zuciya suke nema, kuma sun yi zurfi a cikinsa. Tambayar Wundt ƙarama ce ƙwarai in aka ajiye ta kusa da wannan. Shi so yake ya san tsakanin lokacin da ƙararrawa ta kaɗa da lokacin da ka ɗaga yatsa, kashi nawa cikin dubu na sakan ya wuce, kuma me ya faru a cikinka a wannan ɗan tsakanin. Ƙanƙantar tambayar ce ta sa aka iya auna amsarta.

Labarin ma ba daga masana rai ya faro ba, daga masu duban taurari ne. A 1796 shugaban gidan duban taurari na Greenwich a Ingila, Nevil Maskelyne, ya sallami mataimakinsa David Kinnebrook. Aikin nasu shi ne mutum ya sa ido a madubin hangen nesa, kunnensa na ƙirga bugun agogo, ya rubuta daidai lokacin da tauraro ya ƙetare wani siririn zare. Lissafin Kinnebrook kullum a bayan na Maskelyne yake da kusan kashi 8 cikin 10 na sakan, sai maigidan ya ɗauka sakaci ne. Bayan shekara ashirin da ɗoriya masanin taurari Friedrich Bessel na Königsberg ya ci karo da labarin, ya gwada kansa da abokan aikinsa, ya tarar kowa da nasa jinkirin, har shi kansa. Ashe bawan Allah bai yi laifin komai ba. Tsakanin ido da hannu akwai lokaci, kuma lokacin ya bambanta daga mutum zuwa mutum.

Daga nan likitoci da masana aikin gaɓoɓi suka ɗauka. Ernst Weber a Leipzig ya riƙa ba mutane nauyi biyu su ɗaga su faɗi wanda ya fi. Ya gano cewa kafin mutum ya ji bambanci, sai ƙarin ya kai wajen kashi 1 cikin 40 na nauyin farko. In kayan kilo 4 ne, giram 100 ya isa ka ji. In kilo 40 ne, sai an ƙara kilo guda. Duk ɗan dako ya san wannan a jikinsa, Weber ne ya sa masa lamba. Gustav Fechner ya gina lissafi a kai, ya fitar da littafinsa a 1860. A 1850 kuma Hermann von Helmholtz ya auna gudun saƙo a jijiyar ƙafar kwaɗo, abin da malaminsa Johannes Müller ya ce ba za a taɓa iya aunawa ba don tsabar sauri. Sai ga shi wajen mita 30 ne a sakan, wato gudun motar haya a kan buɗaɗɗen titi. A 1868 Franciscus Donders na ƙasar Holan ya zo da dabara mai daɗi: ka auna lokacin da mutum ke ɗauka ya amsa alama ɗaya tak, ka sake aunawa in alamun biyu ne sai ya zaɓa, ka ɗebe na farko daga na biyu. Abin da ya rage shi ne tsawon lokacin yanke shawara.

A cikin wannan gida Wundt ya tashi. (Jamusawa "Bunt" suke kiran sunan, da harafin farko tsakanin ba da fa, in ka ji wani malami ya faɗa haka kada ka yi zaton wani mutum ne daban.) An haife shi a 1832, likitanci ya karanta, ya yi shekaru yana mataimakin Helmholtz a Heidelberg. A 1874 ya kammala babban littafinsa, inda ya fito fili ya ce yana shata iyakar wani sabon fagen kimiyya. A 1875 ya koma Jami'ar Leipzig, a 1879 kuma shi da ɗalibansa suka fara bincike a ɗakin gwaje-gwajen da ya haɗa a wani tsohon ginin jami'ar. Ba shi ya fara auna ji da gani ba, ka ga waɗanda suka riga shi. Abin da ya sa ake ce masa uba shi ne ya yi wa fagen gida: ɗaki, kayan aiki, mujallar da ake buga sakamako, da ɗalibai masu neman digirin digirgir, waɗanda suka haura 180 a tsawon rayuwarsa. Daga wurinsa James McKeen Cattell ya koma Amurka, Emil Kraepelin ya shiga fagen cututtukan taɓin hankali, Charles Spearman ya koma Ingila ya shahara a awon basira. Da yawa daga ɗalibansa sun je sun buɗe irin ɗakin da suka gani.

To me ake yi a ɗakin? A nan ne takardar taku ta gajarta labari har ta ɓata shi. Wundt ya raba abu biyu. Akwai zaman tunani, mutum ya jingina ya riƙa ba da labarin abin da ke kai-komo a ransa; wannan ya ce ba shi da amfani ga kimiyya. Akwai kuma lura ta nan take da wani abu guda da aka jawo da gangan, a ƙarƙashin sharuɗɗa. Sharuɗɗan su ne mai lura ya san lokacin da abin zai zo, ya tattara hankalinsa a kai, a iya maimaita gwajin sau da yawa, a kuma iya sauya ƙarfin abin ko yanayinsa a ga me zai canza. Amsar da ake nema gajeriya ce: na ji, ban ji ba, wannan ya fi haske, sun zo tare, ko ɗaya ya riga ɗaya. Sau da yawa ma ba magana, maɓalli mutum zai saki, wani agogo na musamman da ake kira agogon Hipp, mai ƙirga kashi 1 cikin 1000 na sakan, ya tsaya.

Ga misali guda da za ka iya yi yau. Wundt yana amfani da na'urar nan mai lilo da makaɗan Turai ke daidaita kiɗa da ita, mai yin ƙas, ƙas, ƙas. Kai agogon bango ya ishe ka, da dare in gari ya yi tsit. Bugun duk iri ɗaya ne, amma ba za ka daɗe ba sai ka ji kunnenka ya fara haɗa su biyu-biyu, ɗaya da ƙarfi ɗaya a hankali. Agogon bai yi haka ba, kai ka yi. In ka so ma kana iya mayar da su uku-uku ko huɗu-huɗu. Kuma in bugun ya yi jinkiri, za ka ji wani ɗan ɗar-ɗar na jira kafin ya zo, da ɗan sakin jiki bayan ya zo. Daga irin wannan Wundt ya ce yanayin rai yana da fuska uku: daɗi da rashinsa, ɗaurewa da saki, tashin rai da kwanciyarsa. Abin da ya fi jan hankalinsa shi ne cewa hankali ba ƙwarya ba ce da ake zuba wa abu tana karɓa. Shi ke zaɓen abin da zai mai da kai gare shi, ya harhaɗa. Shi ya sa sunan da ya raɗa wa tsarinsa daga kalmar nufi ko ganin dama ya samo shi. Bai taɓa kiran kansa ɗan mazhabar ƙirar hankali ba.

Ya kuma san iyakar ɗakinsa. Ya ce harshe, al'ada, tatsuniya, addini da zurfin tunani ba sa shiga agogon Hipp. Sai dai a yi nazarinsu ta abin da al'ummomi suka bari. Shekara ashirin na ƙarshen rayuwarsa, daga 1900 zuwa rasuwarsa a 1920, a kan wannan ya ƙarar da su, mujalladi 10.

Mai mazhabar ƙirar hankali na ainihi Edward Titchener ne, Bature ɗan Ingila, haihuwar 1867. Ya yi karatu a Oxford, ya yi shekara biyu a wurin Wundt, ya sami digirinsa a 1892, ya wuce Jami'ar Cornell a Amurka, inda ya zauna shekara 35. A 1898 ya fitar da maƙalar da ta raɗa wa mazhabar suna. Mutum ne mai tsare gida, da rigar malantarsa ta Oxford yake shiga aji. Burinsa ya yi wa hankali abin da masana sinadarai suka yi wa ruwa da gishiri: a farfasa shi har a kai ga ƙwayoyin da ba sa ƙara rabuwa, a jera su, a ga yadda suke haɗuwa. Ya ce ƙwayoyin iri uku ne: abin da gaɓɓai ke ji kai tsaye, surar da ke zuwa a zuci in abin ba ya nan, da yanayin rai. Kowace ƙwaya ana siffanta ta da irinta, ƙarfinta, daɗewarta da fitowarta sarai, in ban da yanayin rai, wanda ya ce ba shi da siffar ta ƙarshe. A littafinsa na 1896 har ƙidaya ya yi, ya ce akwai fiye da 44,000, a ciki 32,820 na gani ne, 11,600 na ji, ɗanɗano kuwa 4 kacal.

Hanyar tasa ta fi ta Wundt tsawo da wahala. Sai an horar da mutum wata da watanni kafin a yarda da bakinsa, kuma babban laifi a wurinsa shi ne ka ambaci sunan abu maimakon abin da ka ji. Ina yi wa ɗalibaina wannan da goro. In ba mutum ya gutsura, in ce faɗa mini abin da kake ji. Da ya ce "ɗanɗanon goro" sai in ce ka faɗi, don goro abin da ka sani ne, ba abin da harshenka ya ji ba. Sai ya sake: ɗaci can wajen ƙarshen harshe, tauri a turamen haƙori, ƙara a cikin kunne lokacin da ya ɓare, bauri da ke tattare baki, ɗan sanyi-sanyi, in kuma ya kurɓi ruwa sai wani zaƙi ya biyo baya. Nan aji ke kaurewa. Wani ya ce bauri ɗanɗano ne mai zaman kansa, wata ta ce a'a, ɗaci ne ya haɗu da bushewar baki, wani kuma ya rantse shi bai ji zaƙin ba sam. Nakan bar su su yi ta musu na ɗan lokaci, sannan in tambaye su: to wa zai raba wannan gardama? Ba mai iya aron harshen wani. A cikin minti goma sun ga abin da ya kashe mazhabar da idonsu.

Haka kuwa aka yi. Oswald Külpe, tsohon mataimakin Wundt, ya koma Jami'ar Würzburg a Jamus ya ce shi zai shigar da tunani kansa ɗakin gwaji. Daga 1901 mutanensa suka fara ba da rahoto. Karl Marbe ya ba ƙwararru nauyi biyu su ɗaga su faɗi wanda ya fi, sannan ya tambaye su me ya gudana a ransu daidai lokacin yanke hukuncin. Suka ce sun ji nauyin, amma hukuncin zuwa kawai ya yi, ba sura, ba kalma. Aka kira shi tunani marar sura. In haka ne, jerin ƙwayoyi ukun Titchener bai cika ba. Titchener ya sa nasa ɗaliban suka maimaita a Cornell, su kuma suka ce ga surorin nan, sun dai dusashe ne, ga kuma ɗan motsin tsoka a maƙogwaro da ido. A cewar Titchener, mutanen Würzburg ne ba su iya dubawa ba. Wundt daga gefe a 1907 ya ce gwaje-gwajen Würzburg na bogi ne. Shi da Titchener ma ba su daidaita ba, don Titchener ya ce ya duba iya dubawa fuska ɗaya ya gani a yanayin rai, daɗi da rashinsa, ba uku ba. Aka yi shekaru ana kai ruwa rana. Abin lura, kowane ɗaki abin da maigidan ɗakin ya yi imani da shi yake ganowa. Horon da aka ce zai tace mai lura, ashe koya masa amsa yake yi.

Wani gwaji da aka yi a ɗakin Titchener kansa ya fi kowane mai suka nuna matsalar. A 1910 ɗalibarsa Mary Perky ta riƙa zaunar da mutane gaban wani allon gilashi, ta ce su zuba ido a kai su kawo surar ayaba a ransu. Ba su sani ba, daga ɗaya ɗakin ana haska surar ayaba mai rauni ƙwarai a bayan allon. Mutanen suka siffanta abin da aka haska, suna ganin su suka ƙirƙiro shi. Har akwai waɗanda suka yi mamakin yadda ayabar ta zo musu a tsaye alhali kwance suka yi niyyar kawo ta. In mutum zai kasa bambance abin da ya gani da abin da ya raya, ƙwaya ta ɗaya da ta biyu ke nan a jerin maigidan sun cakuɗe.

Tunda na ambaci Perky, bari in faɗi wani abu game da halin Titchener. Ɗalibarsa ta farko a digirin digirgir, Margaret Floy Washburn, ita ce mace ta farko da ta sami wannan digiri a fannin a Amurka, a 1894, kuma mata da yawa sun biyo ta a hannunsa. Amma ƙungiyar masu gwaje-gwajen da ya kafa a 1904 ya hana mata shiga har ya mutu, wai maza na son su sha taba su yi gardama ba kunya.

Daga waje ma an taso mazhabar a gaba. William James na Harvard tun 1890 yake cewa hankali kamar kogi yake, gudana yake yi, kuma mai son tsayar da shi ya duba kamar yaro ne da ya damƙe katantanwa tana juyi don ya ga juyin. Shi da John Dewey da mabiyansu suka ce a tambayi amfanin hankali, yadda yake taimakon mai rai ya zauna da muhallinsa. A Jamus Max Wertheimer a 1912 ya nuna cewa fitila biyu in suna kamawa bi da bi da wani sauri, motsi ake gani, irin na fitilun adon kanti, kuma motsin ba ya cikin ko ɗaya daga fitilun. In ka farfasa, ka rasa shi. Sai John Watson a 1913 ya yi watsi da tabarmar gaba ɗaya. Ya ce a sauran kimiyya in ka kasa samun sakamakon wani sai a duba kayan aiki, a nan kuwa sai a ce kai ne ba ka horu ba; a bar zancen abin da ke ciki, a auna abin da ido ke gani mai rai yana yi. Ga kuma abin da ya shafe ka kai tsaye a matsayinka na mai shirin shiga aji: hanyar Titchener ba ta da abin cewa game da yaro ɗan aji biyu, ko dabba, ko mai taɓin hankali, don ba ɗayansu da za a horar ya siffanta baurin goro. Shi ma bai damu ba, yana ganin neman amfani ba aikin kimiyya ba ne. Da ya rasu a 1927 mazhabar ta bi shi. Ƙwaƙwalwarsa dai tana nan cikin kwalba a Cornell, shi ya yi wasiyya a ajiye.

Kana iya tambaya, to me ya sa takardu ke ɗora wa Wundt kayan Titchener? Titchener ne ya fassara wasu ayyukan Wundt zuwa Turanci, ya kuma gabatar da kansa a matsayin magajinsa. Littafin tarihin fannin da aka fi dogara da shi shekaru da dama, na 1929, ɗalibin Titchener ne ya rubuta shi, Edwin Boring. Sai wajen shekarun 1970 masana irin su Arthur Blumenthal da Kurt Danziger suka koma ga rubutun Wundt na Jamusanci, suka tarar yawancin binciken Leipzig awon lokaci ne da awon ji da gani, ba dogon labarin zuci ba. Gyaran bai gama isa ƙananan littattafai ba, su kuma daga cikinsu ake kwafo takardun darasi.

Leƙen zucin kansa bai mutu ba, an dai san inda ya tsaya. In ka je asibitin ido aka sauya gilashi aka ce "wanne ya fi, wannan ko wancan?", ko aka sa maka abin kunne aka ce ka ɗaga hannu in ka ji ƙara, hanyar Fechner da Wundt ce ake yi maka. Inda yake yaudara shi ne in an tambayi mutum dalili. A 1977 Richard Nisbett da Timothy Wilson sun ba da rahoton yadda suka jera safa huɗu iri ɗaya sak a kan tebur, suka ce masu wucewa su zaɓi wadda ta fi kyau. Ta hannun dama aka fi ɗauka da rata mai yawa. Da aka tambaye su dalili, wannan ya ce laushi, wancan ya ce saƙa, kuma da aka ce ko wurin da aka ajiye ta ne, kusan duka suka musa.

Game da jarrabawa kuwa, in an tambaye ka wa ya buɗe ɗakin gwaje-gwaje na farko, rubuta Wundt, Leipzig, 1879. In an ce wa ya kafa mazhabar ƙirar hankali kuma zaɓi ne aka jera, ka duba: in Titchener na ciki, shi ne, in ba ya ciki, ka ba su Wundt ɗin da suke nema. In kuwa tambayar sharhi ce, ka rubuta sunayen biyu ka bambance su, ka kuma je wurin malamin naku bayan darasi, ba a tsakiyar aji ba, ka nuna masa cikin ladabi.